Wani Tsoho a Unguwarmu

Zuwa ga ƙanena Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zumunci, ina fatan wannan saƙo ya same ka lafiya, kai da iyalinka da sana'ar taka ta yawo da kyamara. Mu nan Yakasai sai godiyar Allah. Na yi maka gaisuwar nan ne don haka aka koya mana a gidanmu, ba don raina yana yi mini daɗi da kai ba.

Na san za ka ce me ya sa Yaya Binta ta kawo maganar gida bainar jama'a. Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na tura maka saƙo, ka buɗe ka yi gum. Da na rubuta a ƙarƙashin bidiyon naka sai ka goge, ka yi bulokin ɗina kamar wata 'yar damfara. To, tunda a kasuwa ka kwance wa mahaifinmu zani, a kasuwar zan same ka. Mabiyan naka masu leƙowa su ma su samu wuri su zauna, akwai rabonsu a ciki.

Bari in tuna maka daga farko, tunda zaman ƙasar waje ya wanke maka ƙwaƙwalwa. Fim ɗin nan da kake cin abinci da sunansa yanzu, ba kai ka gano shi ba. Baba ne ya fara ganinsa a silima tun yana saurayin tela, lokacin idonsa garau. Shi ya kawo mana kaset ɗin gida. Ƙaton jirgi ne ya kwashi ragowar 'yan Adam yana yawo da su cikin taurari, suna neman duniyar da ke da ruwa, kyaftin ɗinsu kuma wani dattijo mai ƙafa ɗaya ta ƙarfe. Baba bai taɓa riƙe sunansa na Turanci ba, Mai Ƙafar Ƙarfe yake ce masa. Mun kalli kaset ɗin nan a ɗakin Umma har ya fara ja yana zane-zane. Kullum aka zo inda kyaftin ya tsaya a bakin ƙofa sai kowa ya shige, Baba sai ya nuna talabijin ya ce, "Kun gani ko, shugaba shi ne mai shiga a ƙarshe."

Sai ciwon ido ya zo. Ka fi kowa sanin yadda abin ya kasance. Aka rufe keken ɗinki da tsohon zani. Mutumin da ba a majalisar ƙofar gida sai da shi ya koma ɗaki, ya ce ba zai fita a riƙa ja masa sanda ana ce masa sannu ba. Ko masallaci sai ka yi da gaske kake fitar da shi, ana sallamewa kuma ya ce a mayar da shi.

Ana cikin haka Turawan da suka yi fim ɗin suka fito da sababbin sassansa, waɗanda suka koma baya don su nuna ƙuruciyar kyaftin da yadda ya rasa ƙafar. Kana sakandare lokacin. Ka aro faifai ka shigo da gudu, ka zauna a gefen tabarmar Baba, ka ce shi ya saurara kai za ka zama idonsa. Ina zaune ina tsince shinkafa, ina ganin abin da ake nunawa da idona. Ashe kyaftin ɗin Baba a ƙuruciyarsa matsoraci suka mai da shi. Duniyarsu na ƙonewa, yana ture mata da yara don ya riga kowa shiga jirgi, ƙofa ta rufo ta datse masa ƙafa. Ka juyo ka ƙifta mini ido, sannan ka ce wa Baba ƙofar jirgi ce za ta rufe alhali da sauran mutane a waje, shi ne yaron ya zura ƙafarsa ya tokare ta har kowa ya gama shiga.

Baba ya daki cinyarsa ya ce, "Na faɗa muku! Irin wannan ƙafar ba a banza ake rasa ta ba." Ranar ya yi dariyar da rabonmu da ita tun kafin ciwon. Da la'asar ya ce a miƙo masa hularsa, yana da labarin da zai kai wa su Malam Hadi maƙwabcinmu. Da ƙafarsa ya fita majalisa, kana riƙe da hannunsa.

Ka ɗauka mutanen unguwa ba su kalli fim ɗin ba? Sun kalla mana. Samarin layinmu har haddace shi suka yi. Amma duk shekarun nan Baba yana zama yana ba da labarin ƙafar da aka tokare ƙofa da ita, yana ƙara masa gishiri, babu mahalukin da ya taɓa ce masa ba haka ba ne. In wani baƙo ya buɗe baki zai gyara, sai a taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci. Yakasai guda ta rufa wa tsoho ɗaya asiri, ba wanda ya roƙe su.

Ni dai ra'ayina a kan sababbin nan bai canja ba, kuma ka sani. Ɓata lokaci ne da ɓata suna. Wa ya aike su? An ba mu dattijo mai kwarjini, mun yarda da shi, sai a dawo daga baya a ce mu zo mu ga lokacin da yake majina. Fim uku cur ana zama a teburi ana gardama a kan wa zai riƙe makullin rumbun ruwa, ga wata budurwa da aka cusa ba ta da aiki sai kallon taga. Kai ma da bakinka ka ce da ka san haka ne da ba ka aro faifan ba. Yanzu da shafinka ya yi jama'a sai ga ka kana rantsuwa wai sababbin sun fi zurfin ma'ana, wai masu son tsofaffin ba su waye ba. To madalla da wayewa. Wannan duk gardamar fim ce, da a nan ka tsaya da ko kallonka ba zan yi ba.

Sai ka tafi wurin shaƙatawar nan da suka gina wa fim ɗin a can ƙasar waje. Na kalli bidiyon tun daga farko, kada ka ce ban gani ba. Ƙato da kai, da gemu, ka sa rigar 'yan jirgi ta roba kana tsalle a layi. Aka zuba ku a wani akwati, aka ɗaure ku da bel, aka kashe fitila, akwatin yana jijjiga ku a gaban ƙaton allo, ana fesa muku ruwa a fuska, kuna ihu. Wannan ne abin da ka ce duk wanda bai hau ba bai isa ya sa baki a maganar fim ɗin ba. Nafi'u, in jijjiga ce, ka zo ka shiga adaidaita a lungunmu bayan an yi ruwa. Har lilon katako na Sallah da kake kuka sai an ɗora ka ya fi wannan, ko banza a kansa kana ganin sama ta gaske.

Amma ba akwatin ne ya hana ni sukuni ba. Abin da ka yi a layin ne, da kuka iso inda suka kafa gunkin kyaftin a jikin ƙofa. Ka juyo da kyamara ka ce, da Hausa tiryan-tiryan, wai akwai wani tsoho a unguwarmu da har yau yake rantsuwa kyaftin tokare ƙofa ya yi, alhali gudu yake yi. Ka runtse ido. Ka miƙa hannu kana lalube. Ka yi gyaran muryar nan tasa da ba wanda bai san ta ba daga ƙofar gidanmu har bakin titi, ka daki cinya ka ce na faɗa muku. Sannan ka tuntsire da dariya ka ce irin waɗannan ne 'yan tsohon fim, ba su gani ba amma sun fi kowa baki.

Wani tsoho a unguwarmu. Ko Baba ba ka iya ce masa ba. Kuma ba ka gaya wa mabiyan naka wanda ya ƙirƙiro labarin ya zuba masa a kunne ba.

Ku kuma masu sharhi, na karanta ku ɗaya bayan ɗaya har sai da kaina ya yi ciwo. Mai cewa a kawo tsohon a ɗora shi a jirgin ko idonsa ya buɗe. Mai cewa wannan shi ne shugaban 'yan tsohon fim na Kano da kewaye. Har da wanda ya yanko wurin lalubawar ya sa masa kiɗa. 'Yan tsoho da 'yan sabo kun shekara kuna zagin iyayen juna a kan mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba, ranar kuwa kuka haɗu kuka yi dariya tare a kan mutum mai rai. Wasunku 'yan cikin garin nan ne, na gane hotunanku, na san gidajenku. Allah ya shirye ku, shi ne kawai abin da zan iya faɗa a rubuce.

Kana so ka san yadda ya ji? Malam Hadi ne, bawan Allah, aka turo masa bidiyon. Farkon kawai ya gani, ya gan ka cikin fitilu kana murna. Bayan la'asar ya zauna kusa da Baba a majalisa ya ce ga ɗanka a waya, bari ka ji yadda Allah ya ɗaukaka shi, ya ƙure ƙara don kowa ya ji. An ce Baba yana ta murmushi yana gyaɗa kai. Da aka zo wurin, Malam Hadi ya rikice ya kasa samun inda ake kashewa, har sai da ka gama dariyarka tas. Baba ya tambaya ko gaskiya ne gudu kyaftin yake yi, Malam Hadi ya hau ba shi haƙuri. Sai ya ce a kira Binta ta shigar da shi.

Tun ranar bai sake fita ba. Ya ce ba dariyarka ce ta fi ƙona masa rai ba, tunanin shekarun da ya yi yana zuba a gaban mutane suna jinsa don tausayi ne. Malam Hadi yana zuwa kullum ya tsaya a soro yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, Baba ya aika a ce masa yana hutawa. Hularsa tana rataye a ƙusa. Abincin ma sai Umma ta zauna a kansa. Wancan karon ciwo ne ya shigar da shi ɗaki kai ka fito da shi, wannan karon kai ka shigar da shi, ni kuwa na yi iya dabarata na kasa.

Wallahi na yi fushi da kai irin wanda ban taɓa yi da kowa ba. Amma ni na goya ka, Nafi'u. Ni na ga fuskarka ranar da ka ƙifta mini ido, na ga yadda kake haɗa labarin don kada zuciyar tsohon nan ta karye. A duk abin da aka taɓa yi a kan fim ɗin nan, da na silima da na faifai da akwatin da ke fesa ruwa, babu wanda ya kai wanda ka tsara a gefen tabarma kyau. Yaron da ya yi wannan ƙanena ne, kuma ban yarda ya ɓace ba. Shi nake rubuta wa.

Ka sauke bidiyon. Wannan ba roƙo ba ne. Sannan ka kira shi, ba ni ba, ba Umma ba. Kada ka tsaya tsara bayani, kada ka ce wasa ne. Ka ce masa Baba, ka nemi gafara, ka gaya masa dalilin da ya sa ka canja labarin tun farko, don har yanzu yana zaton raina masa hankali ka yi tun kana yaro. Ni na gaya masa ba haka ba ne, ya ce ni mai kare ka ce tun fil azal. Daga bakinka kawai zai karɓa.

Akwai abin da ban yi niyyar faɗa a nan ba, amma gara ka sani. Shekaranjiya da hantsi na kai masa kunu, ya ce in sa masa bidiyon a wayata. Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce umarni yake ba ni. Na sa, ina tsaye hawaye na zuba, ya saurara har wurin lalubawar, har dariyar. Da ya ƙare ya ce in maimaita. Na ce Baba don girman Allah me za ka yi da wannan abin? Ya ce, "Sa mini, Binta. Na daɗe ban ji muryarsa da tsawo haka ba."

Jiya ma ya sa na kunna masa, yau ma haka. Ba ni da wata muryar taka da zan sa masa sai wannan.

Allah ya ba Baba lafiya da tsawon rai, ya sanyaya masa zuciya, ya mayar da shi cikin abokan zamansa. Allah ya karkato da zuciyarka gida tun yana da kunnen da zai ji ka, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ya fi wanda ka yi kyau. Allah ya yafe mana baki ɗaya, amin. Wayar tana hannuna, kuma ɗakinsa ba nisa.

Yayarka da ta goya ka,
Binta