Baba Ya Tambaye Ni Sunana

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigida da yara?

Bazara ta shigo Mubi, kuma mantuwar Baba sai ƙaruwa take yi. Kin san al'adarsa, da hadari ya fara haɗuwa sai ya duba taurari, ya lissafa haruffan sunayenmu, ya rubuta abin da yake hango wa kowa a shekarar. Jiya na miƙa masa alƙalami, ya rubuta naki tsaf. Da ya zo kaina sai ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, faɗa mini sunanki in duba miki."

Na faɗa masa, Yaya, sannan na shige kicin na yi ta kuka.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Goggo.

Ƙanwarki,
Hadiza