Hayaƙin Mai Gida Ko Na Mai Faskare?

Rotterdam, 3 ga Maris

Gwaggo Ursina,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyi, ya gwiwar taki?

Wani abu ya ɗaure mini kai. Ƙungiyar kiwo ta garinmu ta aiko mini da takarda, wai gurbin Baba na shanu huɗu a makiyayar kan dutse yana nan da sunana. To ai doka ta ce wanda hayaƙi bai tashi a gidansa ba duk lokacin sanyi ya fita daga ƙungiya. Ni kuwa shekara biyu rabona da Vallatscha. Wa ke hura mini wuta? Kada ki ce ke ce, na san ba kya iya hawan tudun nan.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Gaudenz

Vallatscha, 11 ga Maris

Gaudenz,

Muna lafiya, gwiwa sai haƙuri. Ashe ka iya riƙe biro.

Amilcar ne, mutumin Portugal da ke mana kiwo. Ni na ba shi makullin gidanka, da faskarensa yake hura wutar. Shekara goma sha tara yana hawa dutse da shanunmu, kowace ya san halinta, amma ba ya cikin ƙungiya, don ɗakin da yake haya da lantarki ake ɗumama shi, ba ya hayaƙi. Na tambaye shi me ya kai shi wannan wahala. Ya ce mu ashirin ne cif, in muka ragu ƙungiya ta rushe, masu otal su karɓe dutsen. Ya ce kuma babanka ne ya koya masa yarenmu.

Yanzu ga rigima. Curdin mai cuku, ka san shi da tsurku, ya miƙe a taro ya ce, "Jama'a, wai hayaƙi na mai gida ne ko na mai faskare?" Aka buɗe tsohon kundi, magabata ba su fayyace ba. Ƙarshen wata za a ɗaga hannu. Ka zo ka kare kanka.

Allah ya tsare.
Gwaggonka

Rotterdam, 19 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Kunya ta kama ni. Na zauna zan rubuta wa taro hujjata, sai na kasa tuna inda ake ajiye gatari a gidan ubana. Duk da haka ina son gurbin nan, shi kaɗai ya rage mini na Baba. Zuwa kam ba zai yiwu ba, aikina na tashar jiragen ruwa ba ya jiran kowa.

Ke dai ki gaya mini gaskiya bayan taro: wa kika ɗaga wa hannu?

Naki, Gaudenz

Vallatscha, 1 ga Afrilu

Gaudenz,

An yi. Goma sun rinjayi tara: hayaƙi na mai faskare ne, gurbin babanka ya zama na Amilcar. Amilcar ko murmushi bai yi ba, sai tambayata yake ko za ka yi fushi.

Hannu na goman nawa ne. Ni na goya ka, kuma ina sonka har gobe, amma kullum na leƙa taga, ba hayaƙinka nake gani ba.

Sai ka zo.
Gwaggonka