Gurbin Bulo Ɗaya

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Samiratu ta sa mini wani wasa a waya kafin ta tafi aikinta na asibiti. Wai tunda hawan jini ya shanye mini hannun hagu, babban yatsan na bukatar motsi. Bulo ne masu launi ke saukowa daga sama, kai kuma ka jera. Ni Tahidu, da na tsufa ina gini a garin Tamale, yau 'yar cikina ke koya mini jera bulo. Na ce to, mun gani.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wasan nan ba magini ya ƙirƙiro shi ba, na rantse. Ka cika layi tsaf, ba rami ba karkata, sai layin ya yi walƙiya ya ɓace. Ya ɓace fa. Idan kuma bango ya kai sama, inda mu muke dafa shinkafa da wake mu kira kafinta, nan ne wayar ke yin wani kuka kamar na ɗan akuya, wai ka faɗi.

Samiratu ta leƙo ta ce, "Baaba, me ya sa kake barin rami a kowane layi?" Na ce taga ce. Dariya har da riƙe ciki.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Zafi. Bayan azahar na kwanta ƙarƙashin dalbejiya, ido rabi a buɗe. Sai ga bulo na saukowa a kan unguwarmu Tishigu, a hankali, ba ƙara, ja da kore da ruwan ƙwai, suna ratsa wayoyin lantarki suna sauka kan kwanon rufin mutane. Wata mai koko ta wuce ɗauke da shuɗi a ka. Ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji. Hannuna biyu duk lafiya a can, ina cafewa ina ajiyewa.

Da na farka hagun na nan kan cinyata kamar na aro.

Talata, 15 ga Afrilu

Matata Hawawu ta sake tayar da zancen gidan da na fara ginawa a unguwar Vittin. Tun muna da ƙuruciya na yi mata alkawarin fitar da ita daga ɗakin nan na gidan gado, inda in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Ginin ya kusa rufi. Layin ƙarshe na bangon gabas nake, saura gurbin bulo ɗaya, bulon ma yana hannuna, ranar da ƙasa ta juya da ni. Har yau gurbin na nan.

Ta ce damina ta ƙarato, katakon rufi na jibge a fili, ruwa zai lalata shi. A kira Iddrisu. Iddrisu yarona ne a da, ni na koya masa riƙe cokalin gini, yanzu shi ma yana da nasa yaran. Na ce ba mai ɗora bulo a ginin nan sai ni. Ta dube ni ta ce, "Malam, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ta san inda maganar za ta sauka, ta kuma faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwo ban taɓa ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na faɗi. Na sake faɗi. Dogon bulon nan ba ya zuwa sai ka fid da rai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Matan gidan nan duk sun fi ni maki, har tsohuwa Abida mai sai da kulikuli, wadda ba ta gani sosai. Ta ce, "Kai dai cika kawai, in ya tafi wani zai zo." Haka ake gini a garinsu?

Gaskiya dai, tunda ba mai karanta wannan: ba rashin iyawa ba ne kaɗai. Yatsan na jinkiri, wannan haka ne, sai bulo ya wuce inda nake so kafin ya motsa. Amma ko ya motsa a kan lokaci, in na ga layi saura ɗaya sai gabana ya faɗi, in kauce.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Abin kunya a masallaci. Liman ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi. Na duba, sahun gabana ya cika daga bango zuwa bango, rigunan saƙi na fugu da jallabiya launi-launi, saura wuri ɗaya daidai ni. Sai na ga kamar in na shiga, sahun zai yi haske mu tafi gaba ɗaya, takalma kawai a bari a ƙofa. Na tsaya kamar an dasa ni. Mutari mai gyaran babur ne ya jawo rigata, "Shigo mana, Masta."

Na shiga. Kafaɗarsa ta tokare hagun nawa, har na ji ɗumi a wurin da na daɗe ban ji komai ba. Aka yi sallama, kowa na nan. Na ji kunya, na kuma ji sanyi a rai, ban gaya wa kowa ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kwashe shanyar mata, ruwa bai zubo ba. Hawawu ta tsaya bakin ƙofa tana kallon sama. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na lura furfura ta fito mata ta gefen ɗankwali. Yaushe?

Na gwada ɗaga bulon da muke tare ƙofa da shi. Dama ta ɗauka, hagu ta bi ta kamar 'yar rakiya. Ya faɗi kusa da ƙafata.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na cika layi, da gangan. Ya ɓace. Na saman suka sauko suka zauna, wuri ya buɗe. Wasan ya ci gaba abinsa.

Asabar, 3 ga Mayu

Shan iska kawai na ce zan je Vittin. Samiratu ce ta tare yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, ita ce kuma, ina zargi, ta buga waya, don muna isa na tarar da Iddrisu ya riga ya kwaɓa siminti. Ya durƙusa ya gaishe ni, ina amsawa da naa, naa irin na Dagomba, ina harararsa. Ya miƙo mini bakin igiya ya ce, "Masta, idona ba ya kai naka, riƙe mini."

Sun kafa mini benci. Da hagu na riƙe, don dama na dafe da bango. Tana rawa, amma ta riƙe. Ya hau, ya shimfiɗa siminti, ya saka bulon a gurbin, ya ƙwanƙwasa da gindin cokali. Na ce ya yi ƙasa ta kudu. Ya gyara. Wataƙila ma daidai yake tun farko.

Na daɗe ina kallon layin, cike daga kusurwa zuwa kusurwa. Ina jira. Wata kadangaruwa ta hau ta bi ta kansa har ƙarshe. Bai ɓace ba.

Ban ce na yarda ba fa, igiya kawai na riƙe. Kafinta zai zo ran Litinin. Hawawu na can cikin ɗakin da ba rufi, tana auna taga da ɗankwalinta.