Kujerar Ari a Zauren Kaka Falmata

Birni, Damagaram, 3 ga Agusta

Zuwa ga mijina Ari, ma'aikacin asibiti a Yamai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da allurarka. Ni lafiya lau, sai gwiwa. Tanimu direba ya kawo takardarka. Ka ci gaba da rubutowa, don maganar waya a kunnena sai ka ce sauro a cikin tulu.

Wato ka gaji da ganin matarka a kan tabarma, za ka sa a haɗa mini doguwar kujera irin ta salo, wato falo. Shekara ashirin da bakwai da haihuwarka, sai yau ka tuna da kayan ɗakin amarya? To, Allah ya yi albarka.

Ka ce in auna zaure da metir. Ina na ga metir? Na auna da hannuna yadda muke auna zane, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ƙofa kamu biyu da taƙi. Cikin zaure, bango zuwa bango, kamu shida. Ka san ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, sai an juya hagu, don haka kada kujerar ta wuce kamu biyar.

Allah ya tsare.
Kakarka, Falmata

Birni, 21 ga Agusta

Ari,

Ina gaishe ka, amma gaisuwar yau gajeriya ce. Kujerarka ta iso. Kyakkyawa ce, ja kamar goro. Kwana uku ke nan ina kallon rabinta.

Ƙarti huɗu suka ɗauko ta daga bakin titi, tunda kamiyo, motar kayan, ba ya shiga lungunmu. Ta shige ƙofar waje a karkace. Da za a juya da ita hagu sai ta ƙi. Ina daga tsakar gida ina cewa “Ku tsaya,” babbansu yana cewa “Hajiya, saura kaɗan, ku tura!” Suka tura. Kanta ya cusu a ƙofar ciki, gindinta ya nutse a bango. Da suka ce bari su ja baya, ƙasa ta fara zubowa daga rufi. Ginin ya sha ruwan bana. Maginin unguwa ya leƙa, ya ce duk wanda ya sake jijjiga ta azara za ta sauko masa a ka.

Ka san gidan nan ƙofa ɗaya gare shi. To ga ni a ciki. Maƙwabciyata Inno ke zuro mini cefane ta katanga a cikin guga, takardar nan ma a gugan za ta fita. Da safe ina jin masu wucewa suna tsayawa kallo. Jiya wata ta ce, “Ashe tsohuwar tana ciki?” Na ce, “Tana ciki, kuma tana ji.”

Babanka Suma'ila ya zo da tsani. Ya ce in hau, su karɓe ni ta gidan Inno, in je in zauna wajensa a gidan siminti har rani ya yi a gyara. Na ce gwiwa. Magini ya ce hanya ɗaya ce in ana son zaure ya tsira: a sa mata zarto a raba ta biyu. Ban yarda ba tukuna. Kai ka aiko ta, kuma ban zauna a kanta ba balle ta zama tawa.

Wai shin da hannun wa aka auna ta?

Matarka da ka tsare,
Falmata

Yamai, 24 ga Agusta

Zuwa ga Kakata abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da neman gafara, na karanta takardarki, kuma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba.

Laifina ne. Na kai wa Abdulmumin mai haɗa kujeru awonki yadda kika rubuta, ya ce ya gane. Jiya na koma shagonsa na ga abin da ban lura da shi ba: sai ya sunkuya yake shiga ƙofarsa. Da nasa hannun ya auna. Kamunsa biyar ya fi naki shida.

Kaka, mun yi magana da Baba. Ina ganin yana da gaskiya. In ciwo ya kama ki a ciki, ta ina za a shiga? Ki daure ki hau tsanin, wata biyu ne kawai. In rani ya yi a buɗe bango a fitar da ita lafiya. Ita ce abu na farko da na taɓa yi miki tun da na fara aiki, ba na son ta iso gare ki a yanke.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.
Jikanki, Ari

Birni, 27 ga Agusta

Ari ɗan Suma'ila,

Na amsa sallamarka. Yau ba wasa a bakina sosai, ka yi haƙuri.

Ka tuna Shatu, ƙawata ta bayan masallaci? Ita ma wata biyu aka ce mata, lokacin da ɗakinta ya yi yoyo. 'Ya'yanta suka kai ta sabuwar unguwa, suka sa mata fanka da talabijin. Shekara huɗu ke nan. Gidanta yanzu buhunan siminti ake ajiyewa a ciki. Babanka yaron kirki ne, amma tun rasuwar kakanka yake neman dalilin ɗauke ni, yanzu ga dalili ka aiko masa da jan yadi. In na bi ta kan katangar nan ba zan dawo ba. Na sani, shi ma ya sani.

Shatu ta rasu shekaranjiya. Inno ce ta faɗa mini, tana tsaye a kan turmi, kanta kaɗai nake gani. Tare aka yi mana kitson aure da Shatu. An yi wanka, an yi sallah, an kai ta, ni ina zaune ina kallon hannun kujera.

Tun ranar nake tunanin zauren nan. Baban kakanka ya gina shi, kuma ya bar wurin juyawa daidai makara, ba ƙari. Ta nan aka fita da shi, ta nan aka fita da kakanka. Ni ba za a miƙa ni ta katanga kamar ƙullin wanki ba.

Suma'ila ya ce ran Juma'a zai zo da ƙannensa, ko ina so ko ba na so. Magini kuma zartonsa na nan. Ba zan sa a taɓa kyautarka ba sai da bakinka. Ka ba Tanimu amsa kafin Juma'a.

Kakarka

Birni, 31 ga Agusta

Angona,

Gaisuwa cikakkiya yau. Takardarka ta iso Alhamis da hantsi. Layi ɗaya tak, “A yanka, Kaka,” amma na ga inda biro ya huda takardar.

Kafin la'asar an gama. Zaure yana nan tsaye, ko ƙasa bai zubar ba. Na fita da ƙafata na je gaisuwar Shatu, na dawo da ƙafata. Babanka ya zo Juma'a ya tarar da ni a ƙofa ina tsintar shinkafa, ya tsaya, ya gaishe ni, ya ɗauki tsaninsa.

Rabin kujerar yana ɗakina, an tallafe shi da tubali biyu. Akwai laushi, ka iya zaɓe. Ɗaya rabin yana zaure. In ka zo nan za ka zauna kamar baƙo, har sai na huce.

Allah ya yi maka albarka.
Falmata