Ni Bulala, Ke Shinkafa

Gidan Yari, Jega
Kwana uku bayan Babbar Sallah

Zuwa ga baiwata Hamida, ɗiyar Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da mutanen gidan Mai Unguwa da anka ba ajiyarki. Ni ma lahiya lau, in an cire bayana. Har yau kwanan rubda-ciki nake yi kamar ƙadangare.

Goggo ta kawo mini soyayyen naman layya, ita za ta ba ki takardar nan. Ta ce kin yi ƙiba. Madalla. Ɗan namiji, ubangidanki, yana shan kunun da ake hango ƙasan kwano ta cikinsa, ɗiyar mace tana cin shinkafa da hanta. Taubasantaka ta juye.

Bari in tuna miki yadda anka yi, don na ga kamar kin manta. Da Alhaji Gado ya ɗaure farin ragonsa a ƙofar gida, yana cika baki wai duk Aliero ba a taɓa ganin fari irinsa ba, wa ya ce mu rine shi? Ke. Wa ke da lalle da baƙin rinin ƙunshin amare? Ke. Ni ƙaho kawai na riƙe. Munka maida shi turkensa ja da baƙi, Alhaji ya dawo daga Azahar ya ce ragon wane marar kunya ne ke cin dusarsa, ya kwance shi da hannunsa, ya kore shi da sanda. Ba mu muka aiko motar albasar da ta take shi a hanyar Jega ba. Alhaji ya kwana biyu yana cigiyar farin rago har kasuwar Maiyama, kafin mahaucin da ya yanka shi ya ce gashin cikinsa fari ne tas, anka gane ragon Alhaji ne.

A gaban alƙali hannuwanki baƙi ƙirin har wuyan hannu, nawa kamar na jariri. Sau uku kinka ce ke ce kinka yi. Ya ce wannan kunya ce da kara, mace ba ta ƙulla irin wannan sai namiji ya zuga ta. Ni bulala goma a bainar jama'a da wata biyu a nan. Ke wata guda gidan Mai Unguwa cikin matansa, wai ki koyi natsuwa. Ni da ke a allo guda munka wanke ayar da ta ambaci ɓarawo da ɓarauniya a jere, amma ban faɗa ba, don kada goma ta koma ashirin.

Ki gai da shinkafa.

Ubangidanki,
Lukman


Gidan Yari, Jega
Ranar Laraba

Hamida,

Sallama da gaisuwa. Ina gajiya, in akwai gajiya a zaman tabarma? Bayana ya warke. Wani wurin ne ya kama.

Goggo ba ta iya riƙe magana ba. Tana ba ni labarinki sai ga sunan Tukur har sau huɗu. Tukur ɗan Mai Unguwa, mai kai albasa Kudu, wanda in ya yi dariya ake ganin dasashinsa tun daga masallaci. Wai ya bar zuwa lodi, kullum yana gida yana gyaran mashin ɗin da bai lalace ba. Wai tsire yake kawo wa matan gidan duka don ki samu tsinke biyu. Ni ina nan ana aske mini kai da reza guda mu goma sha ɗaya, ke an kai ki inda za a ga kitsonki. Wane irin horo ne wanga? In haka ake ɗaure mata, a ɗaura mini zane a kai ni.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani bawan Allah a ɗakinmu, mutumin garin Giwa Tazo. Shi da matarsa sunka yi faɗa da maƙwabci kan iyakar gona. Ita ta rotse wa mutumin kai da taɓarya, shi ihu kawai ya yi. Tana gida don tana da goyo, shi yana nan wata huɗu. Ya ce ko goyon ma da shi anka same shi, amma ba a rage masa ko kwana guda ba.

Yanzu maganar da ta sa na ari alƙalami. Goggo ta ce mutanen Tukur sun je gai da babanki, kuma babanki ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda anka tuɓe wa riga a gaban kotu yara suna ƙirga masa bulala ba. Ban taɓa faɗa miki magana ba tare da tsokana ba, shi ya sa ba ki san wacce ce ta gaskiya ba. Duk ranar da na ce ni zan aure ki don in huta da biyanki kuɗin sharar taubasai, kinka jefe ni da ludayi, wallahi da gaske nake. Rago ɗari zan riƙe wa ƙaho in ke ce mai rinin.

In Tukur kike so, ki faɗa mini da kanki. Kada in ji a bakin Goggo tana kwance ƙullin abinci.

Lukman


Gidan Yari, Jega
Ranar Asabar, saura kwana tara

Hamida, mahaukaciyar Aliero,

Ina gaishe ki, ina gai da ƙafafunki da sunka kai ki inda ba a aike ki ba. Kin ƙi ba ni amsa sati uku, har na rame. Ashe amsar a kotu kinka ajiye ta.

Ba ma Goggo ta fara gaya mini ba, gandiroba ne. Wai ranar da watanki ya cika, maimakon ki wuce gida, kinka tsaya gaban alƙali kotu cike, kinka ce an manta da bulalarki goma, kin zo karɓa. Wai kin ce babanki ya raina wanda anka daka saboda aikin hannunki, don haka a dake ki ku zama ɗaya. Alƙali ya ce an rufe shari'a, a fitar da ke. Kinka ce to a rubuta cewa kin zo an hana ki.

Kin san abin da ya ƙona mini rai? Ni na sha bulalar, ba wanda ya yi labarina sai yara. Ke ko inuwar dorina ba ta taɓa ki ba, amma gidan yari kaf maganarki ake yi. Mutumin Giwa Tazo ya ce in ba shi kwatancen gidanku wai don ƙaninsa. Na ce masa a Argungu kuke.

Goggo ta zo jiya tana faɗa tana dariya. Uwar Tukur ta ce ba za a kawo mata surukar da ke zuwa kotu roƙon duka ba, mashin ya gyaru, Tukur ya bi mota Kudu. Na san an yi ta zundenki a rijiya da gidan biki, na san babanki bai yi miki magana ba kwana huɗu. Wannan ban iya mayar da shi wasa ba. Na gode, Hamida.

Amma Goggo ta ce da babanki ya buɗe baki, a zaure ya rantse cewa duk wanda ya fara zuwa neman wagga mahaukaciya ya ba shi. Don Allah ki rufe ƙofar zauren nan, ki zauna a kan mabuɗin. Mahaukata sun yi yawa a Aliero, kuma duk suna waje sai ni.

Naki, ko an ba ni ko ba a ba ni ba,
Lukman