Fitilun Kan Mangwaro

Zuwa ga maƙwabcina Malam Labaran,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Hansai da yara? Ina nan lafiya a Ingila wurin 'yata, ina cin ritaya, sai dai gwiwar nan, yanzu a keke ake tura ni.

Na ga hoton da ka turo, wai ka rataya mini fitilun Kirsimeti a mangwaron gidana na Abakpa. Allah ya saka. Amma Malam, reshen da ya fi haske a hoton, ba shi ka ce iska ta karya da damina ba? Reshen ne ya dawo, ko fitiluna ne suka bi kasuwa?

Ina nan tafe kafin Kirsimeti. Ka tanadi tsani, kai za ka hau. Ƙafa ce ta gaza, idona garau yake.

Naka,
Bitrus