Wadda Ta Ƙwanƙwasa Ƙofa a Ƙarshen Fim

Rillieux-la-Pape, gefen Lyon, ranar Talata

Zuwa ga Bukari, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata mai sanyi, ƙanshin ƙasa bayan yayyafin farko, ɗan Damagaram da ya zo har Lyon ya ɗauke mini hankali, ya wuce da shi Paris ba ko waiwaye. Ina gaishe ka gaisuwar wadda abinci ya daina yi wa daɗi. Ina aiki, ina gajiyar Aubervilliers, unguwar taku ta gefen Paris? Na tuɓe kunyar 'yan Maraɗi na ajiye a bakin ƙofa kafin in ɗauki alƙalami, don saƙon telefon kana karantawa ka yi shiru, takarda kuwa ko ba komai za ta yi maka nauyi a aljihu.

Ka tuna inda muka haɗu? Wata Lahadi da la'asar, a ƙaramin gidan siliman nan na bakin kogi da ke nuna Ramuwar Dodon Koɗi sau ɗaya a shekara. Fim ne da ko mai shi ba zai rantse a kansa ba. Dodannin koɗi na roba, kowanne ya kai mota, sun sauko daga wata duniya don su rama cinye danginsu da Faransawa ke yi. Ana hango igiyar da ake jan su da ita, ga manyan sojoji suna ihu suna gudun abin da kakata za ta tsere masa da sandarta. Amma mun so shi, wallahi mun so shi, irin son da ake yi wa ƙanen da bai iya rawa ba amma shi ke fara shiga fili.

Ka san al'adar gidan. A ƙarshen fim, Dakta Solanj, wadda ta shiga jirgin dodannin da buhun gishiri, ta dawo ta ƙwanƙwasa ƙofar mijinta, ya buɗe mata. Masu cewa ita ce da kanta a dama suke zama, masu cewa dodo ne ya shige jikinta kuma a hagu. Ranar hagu ta cika maƙil, dama kuwa daga ni sai kai sai wani tsoho mai gyangyaɗi. Da aka kunna fitilu aka fara musu, ka miƙe ka kare matar nan kamar yayarka ce. Suka ce ga sawun yauƙi yana ƙyalli a bayanta, ka ce ruwan sama aka yi, kowa ya gani. Suka ce ta ƙi sa gishiri a miya, ka ce matar da ta wuni da buhunsa a ka, wane gishiri kuma za ta so gani? A nan na ce a raina, namijin da ke yarda da wanda ya dawo, shi nake so. Ban canja ba har yau.

Kai fa? Jiya na buɗe dandalinmu na masoyan fim ɗin a intanet, sai ga rubutunka a gaban kowa. Wai ka sake kallo, ka gane 'yan hagu ke da gaskiya. Wai wanda ya yi nisa ba ya dawowa yadda ya tafi, kuma da mijin yana da hankali da ya bar ƙofarsa a kulle. Ilyes, shugaban 'yan hagu, har da yi maka barka da shigowa. Ni kuwa ina tsaye a labo, ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, na ajiye kwalbar da ke hannuna na sake karantawa. Kada ka raina mini hankali, Bukari, ba zancen Solanj kake yi ba. Tun da ka koma Paris muryarka ke gajarta, gaisuwar da muke ja har shayi ya huce ta koma kalma biyu. Kana so ka ce mini in kulle ƙofata, ka rasa bakin faɗa, sai ka ari na dodon roba.

Ina jin tsoro. Ga shi na faɗa. Me Paris ta yi maka da kake ganin ba zan iya ɗauka ba? Gajiyar aikinka na rumbunan kaya ce, ko cunkoson jirgin ƙasa na metro, ko wata ce? In ka rame, in ka yi zafin rai, in dariyarka ta ƙare, wa ya ce maka tsohon Bukari kaɗai na yi wa alkawari?

Na sake kallon ƙarshen, ina tsayarwa ina komawa baya har idona ya yi ja. Kafin ta ƙwanƙwasa, Solanj ta goge ƙafafunta a tabarmar ƙofa. Wane dodo ne ya san ladabin shiga gida? Wannan hujjata ce, ka kai wa Ilyes. Amma akwai wadda ta fi ta, kuma taka ce kai kaɗai. Ka dubi mijin. Kafin ya zare sakata ya leƙa ta taga, idonsa ya sauka a kan sawun nan, ya daɗe a kai. Ya gani, Bukari. Ya gani, kuma ya buɗe. Shekara da shekaru ana ta da jijiyar wuya a kan wadda ta ƙwanƙwasa, ba wanda ya tsaya ya kalli wanda ya buɗe.

Lahadi mai zuwa za a nuna fim ɗin. Jirgin ƙasan Lyon ba ya ƙarewa a tasha, ka hau ɗaya, don girman Allah. Ka zo yadda kake, ba sai ka shirya magana ba. In ka shigo ka zauna a hagu, zan tashi a gaban kowa in ƙetara. Na san hukuncin wanda ya ƙetara bayan an kashe fitila: ɗakin gaba ɗaya zai yi masa ihu ya watsa masa gishiri. Su watsa. Zan zauna kusa da kai da gishiri a ɗankwalina, in yarda dodo ne ya dawo, in ce dodon nake so. Musun zan iya faɗuwa a cikinsa ko sau nawa ne. Abin da ba zan iya ba shi ne in duba dama in duba hagu, babu kai.

Taka, ko kai ne ka dawo ko abin da Paris ta bar mini, har ranar da numfashina zai tsaya,

Ruwaida